Koren Zare, Ƙulli Biyu

Babana mai wanki da guga ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a shago ɗaya bai taɓa rubuta sunan kowa a takarda ba, don karatun nasa bai wuce ya gane lambar mota ba. Da zare yake aiki. In ka kawo kaya sai ya zaro allura daga ƙirjin rigarsa, ya yi maka shaida a cikin wuyan riga ko bakin wando: ja ƙulli ɗaya, ko shuɗi ƙulli uku, ko fari da baƙi a haɗe. Shaidar ta zama taka ke nan har ka mutu ko ka bar unguwar. Mutane kan gwada shi don wasa, su zaro riga daga cikin tuli su ce ta wace ce, ya leƙa wuyan ya faɗa ba tare da ya ajiye dutsen guga ba. Bayan shi ni kaɗai na iya karatun zaren nan, domin tun da mamarmu ta rasu ina 'yar shekara tara a shagon na girma, ina ninke kaya.

Yana da wata ƙa'ida kuma a kan aljihu. Kafin tufa ta shiga ruwa sai ya lalube ta tas. Abin da ya samu, makulli ne, katin asibiti ne, hoton macen da ba matar gida ba ne, sai ya jefa a ƙaramar leda, ya ɗaure bakinta da zaren mai kayan, ya sa a durowar ƙasa. In mai shi ya zo ya miƙa masa yana kallon wani wajen. Ban taɓa jin ya ba wani labarin abin da ya tsinta ba, ko da wasa.

Wannan durowar ce ta kai shi gidan yari yana da shekara sittin da huɗu, ga ciwon suga.

Wata ranar Laraba jami'an yaƙi da ƙwaya suka kai samame layinmu. Wani shago can gaba suka zo nema, amma tun da sun riga sun fito sai suka bi layin kaf. A durowar Baba suka sami leda cike da ƙwayoyi irin waɗanda doka ta hana. Ya ce musu a aljihun kayan wanki ya tsinta. Suka ce na wa? Ya ce ya manta. A kotu ma abin da ya maimaita ke nan. Alƙali ya ce mutumin da ba shi da littafi, ba shi da rasit, kuma ba ya iya faɗar sunan mai kaya, to kayan nasa ne. Aka yanke masa shekara huɗu.

Ni ban ga shari'ar ba. Ranar da aka kama shi cikina wata takwas ne, kuma haihuwar ta zo da gardama, har sai da aka yi mini aiki. Maigidana ne ya riƙa zuwa kotun duk lokacin da yake gari. Direban babbar mota ne, Baba ma Direba yake ce masa. Shi ya kai wa Baba bargo da magani, shi ya dawo ranar hukunci ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hula yana kuka. Na tuna har tausayinsa na ji, na ce a raina ba kowane suruki ke yin haka ba.

Ina iya tsayawa da ƙafata na fara maganar ɗaukaka ƙara. Ni mai zuciya ce, ban ɓoye ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar nan ta mantuwa. Baba da ke tuna wandon mutumin da ya rasu shekara goma, shi ne zai manta? Na ɗauka ruɗewa ce ta tsufa da tsoron masu kaki. Na je gidan yarin da jaririya a baya da takardar ɗaukaka ƙara a hannu.

Ɗakin ziyara dogo ne, da benci biyu da ragar ƙarfe a tsakani. Aka fito da shi cikin kayan fursuna duk a yamutse. Mutumin da ko tsumman goge tebur sai ya ninke shi gida huɗu.

"Uwata, ki bar maganar nan," in ji shi. Haka yake kirana. "Shekara huɗu kamar gobe ne."

"Da wannan ciwon naka? Baba, dubi ƙafarka yadda ta kumbura."

"Takalmin ne ya matse ni."

"Silifa ce fa a ƙafarka."

Ya yi 'yar dariya, ni kuma na fashe da kuka, jaririyar ta taya ni. Ina jin don mu yi shiru ne kawai ya dangwala yatsa a takardar.

Lauyar da na samu mace ce gajeriya mai gilashi, tana magana da sauri kamar mota na jiranta. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani kanti, fayil har kan kujerar baƙi, sai ka ɗauke kafin ka zauna. Tun ranar farko ta ce in cire wani abu daga raina. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a daga farko, ba ta kiran shaidu su yi ta bayani. Alƙalai uku ne za su karanta abin da aka rubuta a kotun ƙasa, su duba ko an yi kuskure. Saboda haka sai mun jira an haɗa kundin shari'ar.

Wata biyar muka yi muna jiran kundin nan. Yau mai buga takarda ba ta da lafiya, gobe injin ya lalace, jibi wanda ke riƙe da makullin ma'ajiya ya tafi hutu. Na san kowace tayil da ta fashe a barandar kotun. A cikin watannin nan aka yanke wa Baba ɗan yatsan ƙafa guda a asibitin gidan yari, bai ma gaya mini ba, gandiroba ne ya tsegunta mini.

Ranar da kundin ya fito Lauya ta kira ni. Tana shan shayi tana juya shafuka, tana tsaki. Ta ce alƙalin bai yi wani kuskuren kirki da za a kama ba, babanki ne bai taimaki kansa ba. Sai ta turo mini kundin ta ce in duba hotunan da ke baya, ko zan ga wani abu game da shagon.

Hoto na farko ƙofar shagonmu ce. Na biyu teburin guga, da bargon da ya ƙone a gefe. Na uku durowa a buɗe. Na huɗu ledar ce a kan farar takarda, an ajiye rula kusa da ita, kuma hoton mai kala ne, ya fito tar. A bakin ledar akwai koren zare, ƙulli biyu.

Ni na zaɓi wannan zaren da hannuna. Lokacin da Direba ke nemana ya fara kawo wa Baba wanki don ya sami dalilin zuwa shagon, Baba ya miƙo mini kwalin zare ya ce, "Zaɓar wa baƙonki." Na ɗauki kore. Har ranar da nake kallon hoton nan, duk rigar da ke cikin ɗakina ta maigidana da wannan shaidar a wuyanta.

Lauya ta ce, "Lafiya? Ko in ba ki ruwa?"

Na ce mata jiri ne, ban karya kumallo ba. Na sauko daga benen na tafi gida.

Washegari na tafi wajen Baba. Ban yi wata doguwar gaisuwa ba.

"Baba, kore ƙulli biyu."

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya dubi hannuwansa.

"A aljihun rigarsa ta sanyi na samu," ya ce a hankali. "Na ajiye ne in ya dawo daga tafiya in zaunar da shi, mu biyu, ba wanda ya ji. Saura kwana biyu ya dawo mutanen nan suka zo."

"Shi ne ka ce ka manta."

"Kina da tsohon ciki, ga yara biyu. In an ɗaure shi wa zai riƙe ku? Ni na ci zamanina. Shi kuma ya rantse mini ya bari. Don kada barci ya ɗauke shi a hanya yake sha, ba sayarwa yake ba."

"Ya san ka sani ke nan? Duk zuwan da yake yi kotu?"

"Ni na ce ya yi shiru. Kada ki ga laifinsa, Uwata. Kuma ban yarda ki kai maganar nan ko'ina ba."

Na so in yi masa tsawa, wallahi na so. Amma mahaifina ne, ga gandiroba tsaye. Na haɗiye. A hanyar gida na yi ta tuna yadda na dafa kafaɗar mutumin nan ranar hukunci ina ba shi haƙuri, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Na tarar da shi a tsakar gida yana wanke takalmi, yaran suna makaranta. Na shiga ɗaki na ɗauko rigarsa guda, na juya wuyan na ajiye masa a gwiwa. Ya kalli zaren, ya kalle ni, burushin ya faɗi cikin bokiti.

Bai musa ba, wannan kam zan faɗa. Ya yi kuka, ya ce kullum da abin yake kwana yake tashi, ya ce sau uku yana zuwa bakin ofishin jami'an yana juyowa. Ya ce Baba ne ya haɗa shi da Allah ya yi shiru.

"Yanzu ni na haɗa ka da Allah ka yi magana," na ce. "An fara yanka shi, ka sani? Yatsa ɗaya ya tafi."

"Ki ba ni lokaci. In na dawo daga wannan tafiyar zan je wajen lauyar da kaina."

Ya dawo bai je ba. Ya sake tafiya ya dawo, ya ce mai motar bai samu wanda zai karɓe shi ba tukuna. A karo na uku na daina tambaya. Na goya 'yata na hau benen Lauya na gaya mata komai.

Ta cire gilashi ta goge. Ta ce akwai hanya guda, a nemi izinin kotu a shigar da sabuwar shaida. Zan yi takardar rantsuwa in bayyana yadda zaren ke aiki da wanda ke da wannan shaidar, a haɗa da rigunan. Amma ta gargaɗe ni da abu biyu. Na farko, kotu ba ta cika son sabuwar shaida ba, tana da sharuɗɗa masu tsauri. Na biyu, ƙarar ta Baba ce, ba tawa ba, sai da yardarsa. Sannan ta ce, "Kin san abin da wannan zai yi wa gidanki?"

Na ce na sani. Gaskiya ban tsaya na saurari gargaɗin farkon da kyau ba, na ɗauka duk wanda ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru dole ya bi ta.

A nan ne na yi abin da har yau yake damuna. Na je na yi wa Baba ƙarya. Na ce Direba ne da kansa ya ce a faɗa, ya gaji da ɗaukar alhaki, kuma Lauya ta ce tun da shi zai kai kansa za a yi masa sassauci, wataƙila ma tara kawai. Baba ya kalle ni ta cikin ragar. Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun ina yarinya, shi ya sa ya yarda.

"Ashe yaron yana da zuciya," ya ce, har idonsa ya kawo ruwa. "To ku dai ku riƙe juna."

Da Lauya ta je da takardar, ya dangwala mata.

Na yi rantsuwar a wani ƙaramin ofis a ƙasan kotu, gaban wani mutum mai mura da bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Shafi huɗu ce. Na faɗi yadda Baba ke ɗinka shaida, na lissafa ta mutum ashirin don a ga ba ƙirƙira na yi ba. A sakin layi na tara na ce mahaifina bai taɓa kuskuren shaidar kowa ba a shekara talatin da ɗaya, kuma ya san ta surukinsa kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ni na nace a sa wannan. Lauya ta ce ko mu sassauta shi? Na ce ai gaskiya ce, a bar ta.

Ban ɓoye wa Direba ba. Da na dawo na gaya masa abin da na yi, ga kuma riguna uku da na ɗauka. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya zauna ya ce, "Uban 'ya'yanki kika kai." Na ce, "Ubana ka bari a can." Da safe ya ɗauki jakarsa kamar kowace tafiya, ya shafa kan yaran. Bayan kwana tara wani abokin aikinsa ya kawo mini ambulan, takardar saki ce a ciki, layi biyu. Wayarsa ba ta sake shiga ba. Mai motar ya ce a wani gari mai nisa ya ajiye masa mota da makulli, bai san inda ya nufa ba.

Na kwashe yara muka koma ɗakin da ke bayan shagon. Na buɗe shagon na ci gaba da wanki, da abin da ya rage na masu kawo kaya, don da yawa sun janye. Duk ziyarar da na je sai Baba ya tambayi Direba, ni kuma in ce yana hanya, yana gaishe ka.

Aka saurari ƙarar wata huɗu bayan haka. Ba a kawo Baba ba, an ce ba dole ne ba. Zauren sanyi ƙalau, alƙalai uku can sama, ta tsakiyar tsohuwa ce mai sanyin murya. Lauya ta yi magana kusan rabin awa, ta ɗaga rigunan, ta nuna hoton. Na ga alƙalin hagu ya karɓi riga ya juya wuyan yana dubawa, na ce a raina shi ke nan an gani.

Lauyan gwamnati bai yi minti biyar ba. Bai ce ƙarya nake ba. Ya buɗe takardata ya karanta sakin layi na tara da ƙarfi, a hankali, ya zauna.

Bayan sati uku aka karanta hukunci. Lauya ta fassara mini shi a baranda, don turancin ya fi ƙarfina. Sabuwar shaida, in ji kotu, ita ce wadda mai ƙara bai sani ba lokacin shari'a, ko ba shi da hanyar samunta. Wannan kuwa, bisa rantsuwar 'yarsa da kanta, ya san ta tun ranar da aka kama shi, ya zaɓi ya ce ya manta. Wanda ya ɓoye abu da gangan a kotun farko ba zai zo ya fito da shi a ta biyu ba. Kuma ko an karɓa, ta nuna ya san abin da ke cikin ledar, ya ajiye a durowarsa. An kori ƙarar, hukuncin shekara huɗu yana nan.

"Amma sun yarda ba nasa ba ne?" na tambaye ta.

"Ba su ce sun yarda ba, ba su ce ba su yarda ba. Sun ce ba za su duba ba."

Ta riƙe hannuna, ta ce za ta rubuta takardar neman afuwa saboda rashin lafiya, amma kada in sa rai sosai. Na zauna a kan matakala na yi kuka, mutane suna raɓawa ta gefena da fayil a hannu.

Ranar ziyara na bar yaran wajen maƙwabciya na tafi ni kaɗai. Da sanda aka fito da shi, wani fursuna na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya zauna da ƙyar, ya dubi fuskata, ya gane.

"Ba su karɓa ba," na ce.

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na ce miki ki bari tun farko." Ya yi murmushi don ya kwantar mini da hankali. "Kada ki damu, an ci kusan rabi ai. Shi Direban fa? Ba su taɓa shi ba dai ko?"

Na yi niyyar in ce yana hanya. Bakina ya ƙi.

"Baba, ƙarya na yi maka. Bai taɓa yarda ba. Ni na kai sunansa, ban da saninsa."

Na ƙara da cewa:

"Ya sake ni. Wata biyar ke nan. Ba wanda ya san inda yake. Muna ɗakin bayan shago ni da yara."

Na jira ya yi faɗa, na ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya kama ragar da yatsunsa, ya dubi ƙasa, sai ga hawaye. Tun rasuwar mamarmu ban ga hawayensa sun zubo ba sai ranar.

"Yaran suna tambayarsa?"

"Kullum."

Ya gyaɗa kai. Gandiroba ya buga ƙofa da makulli, ya ce saura minti biyu. Baba ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai neman a taimake shi da amsa.

"To Uwata," ya ce, "ni yanzu zaman me nake yi a nan?"

Muna nan a haka har wanda ya kawo shi ya zo ya ɗaga shi.